Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan Kannywood da Hukumar Tace Fina-finai, Daga Wani Mai Tura Fim a Ƙasar Gumel

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga marubuta labarin fim, daraktoci, furodusoshi da jarumai, da shugabannin ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN, da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano. Ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da aiki, ina fatan kuna lafiya ku da iyalanku.

Ba ku san ni ba, amma ni na san fuskokinku da muryoyinku fiye da yadda na san na wasu dangina. Sana'ata tura fim a waya. Ina da ɗan shagon langa-langa a bakin kasuwar wani ƙauye a ƙasar Gumel, Jihar Jigawa, ba nisa da Maigatari. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: tsohuwar kwamfuta, faranti biyu na sola a kan rufi, allon cajin waya, da ƙaramar talabijin da nake fitarwa waje in an yi sallar isha. Shekara 11 ke nan ina wannan aiki. Samari su zo da kansu, matan aure kuwa su aiko yara da memori ƙulle a leda, tare da saƙon "a sa mata ci gaban na wancan makon". Na san za ku ce irinmu ne muka kashe muku kasuwar faifai. Ban musa ba, akwai ƙamshin gaskiya, amma wannan rigimar a bar ta sai wata rana. Abin da nake so ku sani shi ne, wanda ba shi da kuɗin data a ƙauye ta hannun irina yake ganinku. In kun shuka alheri ina da ɗan kamasho a ladan, in kun shuka akasinsa da ni za a yi awon alhakin. Shi ya sa na kasa yin shiru.

Wani daren Alhamis, bayan an watse daga kasuwar Maigatari, benci biyun ƙofar shagona sun cika, wasu ma a ƙasa suke zaune kan takalmansu. Na sa wani fim mai dogon zango. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba shi kaɗai ba ne, kuma in na faɗa za a ɗauka da mutum ɗaya nake. Yarinya ce marainiya ta samu aikin sakatariya, uwarta na kwance asibiti. An tashi daga aiki, oga ya ce ta dakata. Ya tura ƙofa, ya murɗa makulli, ya jefa a aljihu. Yarinyar ta ja da baya har ta jingina da bango, ta ce, "Don Allah Yallaɓai ka yi haƙuri, ni aiki na zo yi." Oga ya yi murmushi. To, kiɗan da aka sa a ƙarƙashin wannan fitowar shi ya tsaya mini a rai. Sarewar nan ce mai taushi, wadda kuke sa wa idan masoya sun haɗu a lambu. Samari suka bushe da dariya. Wani yaro da bai wuce shekara 16 ba, ɗan maƙwabcina, ya ce, "Wallahi tana so, jan aji ne kawai. Ku bari a kai kashi na tara ku gani." Kuma bai yi ƙarya ba. Kafin kashi na tara ta fara sunkuyar da kai tana murmushi, kafin zangon ya ƙare an kai lefe.

Yaron nan bai taɓa shiga ofis ba. Bai taɓa zuwa Dutse ba ma, balle Kano. Amma ya haddace darasin tsaf: in mace ta ce a'a ga wanda ke riƙe da abincinta, a ƙara matsa mata, lokaci ne kawai bai yi ba.

Da a ce a kan benci abin ya tsaya, da ban dame ku ba.

Ina da 'yar yaya, ƙaramar bazawara mai goyon ɗa ɗaya. Da kaka ta yi, ta bi matan ƙauyenmu zuwa wani sito a wani gari kusa da mu, inda ake gyara zoɓo da riɗi kafin a loda wa manyan motoci su nufi Kano. Ku da kuke birni watakila ba ku taɓa ganin wannan aiki ba. Mata ne reras a ƙarƙashin rumfa, kowace da faifai da rariya, ana bakace ana tsince tsakuwa da kara da busasshen ganye. Ƙura ta cika hanci, tafin hannu ya rine ja kamar an yi ƙunshi, baya ya ƙage tun kafin azahar. A kan buhu ake biya, da yamma. Mutum ɗaya ne ke riƙe da sikeli da littafi da jakar kuɗi, shi ne akawu. Shi zai ce wannan buhun ya gyaru, wancan a sake. Shi ke rubuta sunan wadda za ta dawo gobe.

Da alheri ya fara. Ta gyara buhu biyu, ya rubuta biyu da rabi. Ta ɗauka tausayin goyonta ne. Daga nan sai ya koma kiran sunanta a ƙarshe. "Ke ki ɗan jira, canji ya ƙare." Matan ƙauyenmu su gaji da jira su kama hanya, ga magariba ta kawo kai, ga tafiyar ƙasa ta kusan awa guda a cikin gonaki. Ranar da ya fito fili, cewa ya yi, "Ke fa ba yarinya ba ce, kin san abin da nake nufi." Ta ce masa ya ji tsoron Allah. Washegari duk buhun da ta kawo sai ya tura hannu ya ce bai tsintu ba. Kuɗinta kuma ya koma "sai gobe". Kwana tara ana sai gobe.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ni abin da na fara lura da shi kawai, ta aiko ƙaninta da memori da saƙon, "Ka ce wa Kawu ya daina sa mini na ofis." Ban gane ba sai da maiɗakina ta zaunar da ita. Da maganar ta kai kunnen mai siton, ba a ce ƙarya take yi ba, don ashe ba ita ce ta farko ba. Amsar da aka aiko mana ita ce, "To ai abin ya zo da sauƙi, tunda bazawara ce kuma yana so, sai ya fito a ɗaura, a rufa wa juna asiri." Wata dattijuwa a unguwarmu ta ƙara da nata: in ɓera da sata, daddawa ma da wari, me ya sa duk matan wurin sai ita? Na zauna ina jujjuya wannan amsa, sai na ga ai na san ta. Na tura ta a memori ya fi a ƙirga. Ita ce kashi na ƙarshe.

Ban ce ku kuka ƙirƙiro akawun nan ba. Tun kafin a san kyamara a ƙasar Hausa akwai irinsa. Kuma tun zamanin gidajen silima fina-finan Indiya suke koya mana cewa jarumi shi ne wanda ke bin yarinya lungu-lungu, tana tsaki yana waƙa, har ta gaji ta sallama. Yanzu ga su nan an fassara su da Hausa, ni ma ina tura su. Amma na Indiya baƙo ne, mai kallo ya san ba garinsu ba ne. Naku kuwa da babbar riga yake, da carbi a hannu, da Hausar Kano a bakinsa, yana cewa insha Allahu. Shi ya sa ya fi shiga.

Ku duba yadda kuke ba da labarin 'yar aiki. Hajiya ta tafi biki, Alhaji mai tumbi ya lallaɓa kicin yana kashe ido, yarinya tana zagaye tukunya yana bin ta, an sa kiɗan barkwanci. Hajiya ta dawo ba zato, ta rarumi muciya, Alhaji ya faɗi a kan bokiti, kowa ya yi dariya. Sai a watso wa yarinyar ƙunshin kayanta a tsakar gida. Daga nan kyamara ta bi Alhaji ɗakin Hajiya yana lallashi. Ita yarinyar fa? Ba a sake ganinta. Mu ne muke ganinta, ranku ya daɗe, don a ƙauyukanmu motar ke sauke ta. Mu muka san dillaliyar da ta zo ta kwashi yara 'yan shekara 12, 13, ta kai su aikatau Kano, ita ke karɓar kuɗin wata ta kawo wa iyaye abin da ta ga dama. Mu muke ganin wadda ta dawo ba ta iya haɗa ido da kowa, an ce wai sata ta yi. Abin da kuka yanke daga fim ɗin shi ne labarin gaba ɗaya.

In kuma ba soyayya ba ce ba barkwanci ba, to macen ce shaiɗaniyar. Ita ke shiga ofis da kwarkwasa, ita ke zuwa wurin boka a mallake mata manaja, ita ke raba shi da uwargida. Akwai irin waɗannan matan a duniya, ban hana a nuna su ba. Amma in shekara da shekaru ita ce fuskar mace ma'aikaciya, ku zo ku ga abin da hakan ke haifarwa a nan. Na san uban da 'yarsa ta ci jarrabawa, aka yi aka yi ya bar ta ta tafi makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun ko ta jinya a Birnin Kudu, ya ce shi yana ganin abin da matan ofis ke yi a fim. Shi ɗin dai, ranar da matarsa ta tashi haihuwa aka kai ta asibitin sha-ka-tafi, ya tarar namiji ne a bakin aiki, ya dawo yana ta faɗa wai gwamnati ba ta kawo mata.

Yanzu bari in zo kan maganar yarda, don nan ne na ga an fi yin kwaɓa. Akwai abin da na sha ji a bakin jarumanku, na kuma ji shi a bakin samarin benci: ai shirun mace yarda ne, har a addini. Ni ba malami ba ne, iyakacina makarantar allo da 'yan littattafan da na ɗauka a zaure. Amma wannan kam na san shi. Hadisin a kan aure yake, lokacin da waliyyi ya tambayi budurwa a gidan ubanta, kunya ta hana ta buɗe baki. Kuma ko a maganar auren, Bukhari ya ruwaito cewa Khansa'u 'yar Khizam ta kai ƙara ubanta ya aurar da ita ba ta so, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Ina haɗin wannan da shirun wadda aka kulle wa ƙofa, albashinta yana aljihun wanda ya kulle? Shirun kunya daban, shirun tsoro daban, kuma duk macen da ke kallonku ta san bambancin ko da marubucin bai sani ba.

Ku tuna hadisin mutum uku da dutse ya rufe a kogo. Ɗayansu yana son 'yar baffansa, ya neme ta ta ƙi. Sai shekarar fari ta zo, yunwa ta koro ta wurinsa, ya ba ta dinari 120 a kan ta ba shi kanta, ta amsa. Ta amsa fa. Da a fim ɗinmu ne, nan za a sa sarewa. Amma da ya kusance ta ta ce masa ya ji tsoron Allah, sai ya tashi ya bar ta, ya bar mata dinarin. Wannan tashin shi ne aikin da ya yi tawassuli da shi dutse ya gusa. Ya gane cewa amsawar da yunwa ta fitar ba amsawa ba ce, dole ce, ƙanwar na ƙi. A Suratun Nur, aya ta 33, Allah ya hana a tilasta wa kuyangi yin lalata don neman abin duniya, kuma malaman tafsiri sun ce a kan Abdullahi ɗan Ubayyu ta sauka, wanda yake tura kuyanginsa. Ayar ba ta ce daddawa ma da wari ba. Gafara da rahama ta yi wa waɗanda aka tilasta alkawari.

Sai kuma Suratu Yusuf, wadda ban san dalilin da ya sa marubutanmu ba sa zama su yi nazarin yadda aka ba da labarin cikinta ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, a ƙarƙashin gidan Aziz yake, sayo shi aka yi, ci da shansa da makwancinsa duk a hannunsu. Mai iko da shi ta kulle ƙofofi. Ya ƙi, ya gudu, riga ta yage ta baya. Da aka yi kiciɓis da maigida a bakin ƙofa, nan take ta juya laifin kansa. Wani daga danginta ya kawo hujjar riga, gaskiya ta fito ƙarara, amma maigida ya ce a bar maganar. Ta fito fili ta ce in bai yi abin da take umartarsa ba za a ɗaure shi. Kuma aka ɗaure shi ɗin, shekaru, bayan kowa ya ga hujja. Ku dubi wannan da kyau: kulle ƙofa, barazana, juya laifi, rufa-rufa don kare sunan babban gida, sannan wanda aka zalunta shi ya rasa wurin zamansa. Duk abin da ya faru a siton zoɓo yana ciki. An faɗe shi ba batsa ko ɗaya, yara suna haddace shi a allo, kuma babu mai karantawa ya rikice a kan wa ke da gaskiya. Ya kuma tuna mana ba mata kaɗai abin ke ci ba. Akwai almajirai masu wanke-wanke a gidaje, akwai yaran shago da yaran mota, su nasu shirun ya ma fi na matan nauyi.

Ranka ya daɗe shugaban hukumar tacewa, da ma'aikatanka, yanzu da ku nake. Tun da aka kafa hukumar nan a 2001, abin da aka fi sanin almakashinta da shi shi ne sutura, rawa, da taɓa jiki. Su ma shugabannin masana'antar haka: a 2016 MOPPAN ta kori fitacciyar jaruma saboda rungumar da aka gani a bidiyon waƙa, duk ƙasa ta ɗauka. Ban zo musu a kan wannan ba. Tambayata ita ce, fim ɗin da na ba ku labari a sama, ta ina zai faɗi a wurinku? Yarinyar da hijabi har ƙasa take. Ogan ko yatsanta bai taɓa ba. Babu rawa. Zai wuce salin-alin. Amma ya koya wa yaro ɗan shekara 16 abin da ya fi runguma goma illa. Idon da ke auna tsawon mayafi ya kamata ya iya ganin makullin da aka jefa a aljihu.

Sai dai ina roƙonku, don girman Allah, kada ku fahimce ni a baibai. Na tuna a 2021 kun hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim. Tsorona kada wani ya karanta wasiƙar nan ya ce to shi ke nan, a hana nuna oga yana neman ma'aikaciya. In aka yi haka an yi wa akawu gata, don shi babu abin da yake so kamar a yi shiru. A nuna, a nuna sosai ma. Amma a nuna shi da sunansa, zalunci. Kuma duk marubucin da ya yi ƙarfin halin bin yarinyar har gida, ya nuna rashin barcinta da yadda take ƙirga kuɗin magani, kada a ce masa ya kawo batsa a datse. Na ga 'yan kaɗan da suka gwada haka, galibi mata ne suka rubuta, irin waɗanda suka taso daga rubutun littattafan Hausa, inda aka daɗe ana faɗa da auren dole. Zan gaya muku abin da ba ku gani daga Kano: irin waɗannan su matan aure suka fi aikowa a sake tura musu in memori ya goge.

Wani abin da ke ba ni mamaki, a fim ɗinku mafita biyu ce tak, ko aure ko haƙuri har Allah ya saukar wa mugu da hatsarin mota. Kamar babu doka a ƙasar. Alhali kundin final kod da ake aiki da shi a Arewa, a sashe na 282, ya ce yardar da aka samu ta hanyar jefa mace cikin tsoron kisa ko cutarwa ba ta hana abin zama fyaɗe. Dokar hana cin zarafin mutane ta VAPP, wadda aka sa wa hannu a 2015, ta sa tursasawa da tsoratarwa da bibiyar mutum cikin laifuffuka, kuma Jigawa ta yi tata a 2021 zamanin Gwamna Badaru. A 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan cin zarafi a wurin aiki, wadda ta faɗa ƙarara cewa ta shafi birni da ƙauye, aikin ofis da aikin da ba shi da takarda. Wato mai tsince zoɓo tana ciki. Tun 2013 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta ba wata ma'aikaciyar kamfani a Legas gaskiya, ta sa a biya ta diyya, bayan an kore ta don ta ƙi shugabanta. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke karɓar waɗanda aka ci wa zarafi, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Ni kaina sai bayan abin ya faru a gidanmu na bi na san waɗannan. 'Yar yayata ba ta san ko ɗaya ba, amma ta san sunan kowane jarumi da na matarsa. Fitowa ɗaya ta minti uku, a ga yarinya ta shiga irin wannan wuri an saurare ta ba a kore ta ba, za ta kai inda sanarwar rediyo ta shekara ba ta kai ba.

Akwai wata magana mai nauyi, amma tunda na fara bari in ƙarasa. Masana'antarku ma wurin aiki ce. Yarinyar da ta baro garinsu ta sauka Kano tana neman a sa ta a fim, ba ta da bambanci da mai faifai a rumfar zoɓo: akwai mai littafi, shi ke rubuta sunan wadda za ta zo lokeshan gobe. A Amurka sai 2017 asirin wani babban furodusa ya tonu, bayan shekaru kowa a masana'antar yana raɗa. A 2019 binciken BBC ya nuna malaman jami'a a Legas da Gana suna neman ɗalibai da maki, a shekarar kuma 'yan matan Arewa suka fito da nasu labaran ƙarƙashin #ArewaMeToo, aka yi musu ca. Ban zo da sunan kowa ba, kuma na yarda mutanen kirki sun fi yawa a cikinku. Amma ina roƙon MOPPAN ta buɗe ƙofar kai kuka wadda mata dattawan masana'antar za su zauna a bakinta, wadda in yarinya ta shiga ba za a wayi gari an daina kiranta aiki ba. Saurin da ake yi wajen hukunta jaruma in hotonta ya fita, a yi rabinsa in ita ce ta kawo ƙara. Kuma a ganina, wanda ya saba jin ana cewa "yarinyar nan taurin kai gare ta" a bayan kyamara, da wuya hannunsa ya rubuta a'a ta gaskiya a gabanta.

Na san abin da furodusa zai ce: kasuwa ce, abin da mutane ke so muke ba su, YouTube yawan masu kallo yake biya. Ni ma ɗan kasuwa ne, kuma na fi ku kusa da mai saye, don a hannuna yake ajiye kuɗinsa. Mutane labari mai daɗi suke so, wanda zai hana su barci su aiko yaro da sassafe. Ba wanda ya taɓa zuwa shagona ya ce a sa masa wanda oga ke kulle ƙofa. Kun ba su ne suka saba. Ku bar soyayyarku, ku bar waƙoƙinku, ni ma ina son su. Oga ma yana iya son ma'aikaciyarsa tsakani da Allah, an sha yi an kuma zauna lafiya. Amma a gan shi ya faɗa sau ɗaya a fili, ƙofa a buɗe, in ta ce a'a albashinta ya fito ranar da ya saba fitowa, in ta ce e ya tura magabatansa. A ga abokinsa ya ce masa, "Kai, wannan ba daidai ba ne," maimakon ya ba shi hannu su tafa. A ga sauran matan wurin sun ƙi tafiya sun bar 'yar uwarsu ita kaɗai da magariba. Wannan na ƙarshen ba ƙirƙirarsa na yi ba, shi matan ƙauyenmu suka koma yi a siton tun daga lokacin: ba mai ɗaga ƙafa sai an sallami ta ƙarshe, ko da za su yi isha a hanya.

In kuna neman wurin ɗauka, ku zo da kaka. Ga rumfa, ga buhuna jibge har rufi, ga jan zoɓo a rana wanda kyamararku za ta so. Masauki ba zai gagara ba, caji kuma kyauta ne a shagona.

Ita dai 'yar yayata ba ta koma ba. Awara take soyawa a ƙofar gida yanzu, jan hannunta ya daɗe da gogewa. Akawun yana nan da littafinsa, kuɗin kwana taran nan ma suna ciki, ba a biya ba. Jibi Alhamis, samari za su cika benci, kuma tun jiya ɗan maƙwabcin nan nawa yake leƙowa yana tambaya ko sabon zango ya fito.

Wassalam.

Naku,
Mai tura fim a bakin kasuwa,
ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.